Noman tumatir a bokiti: Girman mazubin da ya dace da ma'aikacin da ke kwana a Keffi

Keffi na da nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja, kuma tsadar haya a babban birnin ta sa ma'aikatan gwamnatin tarayya da dama sun tare a garin, kamar yadda wasu suka tare a Masaka da Mararaba. Irin wannan ma'aikaci kan bar gida kafin gari ya waye, ba ya dawowa sai bayan magariba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye kaso mai yawa na albashi, sai kuma tsadar kayan miya ta biyo baya. A tsakiyar 2024 tumatir ya yi tsadar da ta sa gidaje da yawa komawa ga na gwangwani da na leda, bayan tsutsar nan da manoman Kano ke kira Sharon ta sake afka wa gonaki, kamar yadda ta yi a 2016 har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.

A wannan yanayi ne shuka tumatir a tsakar gida ya samu karɓuwa, musamman bayan uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta ƙaddamar da gasar lambu a kowane gida. Sai dai mafi yawan gidajen haya daɓen siminti ne, babu ƙasar da za a haƙa, don haka dole a nemi mazubi. Daga zaɓen mazubin ne kuma ake fara asara, domin abin da ya fi saurin zuwa hannu shi ne gwangwanin madara ko ƙaramar tukunyar fure.

Ƙasar da ke cikin mazubi ita ce ma'ajiyar ruwa da abincin shukar gaba ɗaya. A gona saiwar tumatir kan nutsa ta bi danshi, a cikin bokiti kuwa iyakarta bangon bokitin. Shukar da ta girma ta fara 'ya'ya tana iya shan lita ɗaya zuwa biyu a yini, har ma fiye idan rana ta ƙwalle. Mazubi mai lita 5 ba zai riƙe ruwan da zai kai ta yamma ba a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Keffi kan haura digiri 35. Mai zama a gida zai iya ba ta ruwa da tsakar rana, amma wanda ke ofis a Abuja ba shi da wannan dama. Saboda haka tambayar farko ita ce awa nawa shukar za ta yi babu mai kula da ita.

Illar ƙaramin mazubi ba ta tsaya ga yaushin ganye ba. Idan ƙasa na bushewa ƙayau sannan a malala mata ruwa, sinadarin kalsiyam ba ya isa ga 'ya'yan yadda ya kamata, sai ƙasan tumatirin ya yi baƙi ya lotse. Mutane kan ɗauka cuta ce su sayi maganin feshi, alhali ruwa ne bai daidaita ba. Haka nan fatar 'ya'yan kan tsage, fure kuma ya zube kafin ya ƙulla.

Girman mazubin ya danganta da irin da aka shuka. Akwai ƙananan iri da aka samar musamman domin tukunya, irin su Micro-Tom na Jami'ar Florida da ke Amurka, wanda tsayinsa bai wuce taƙi guda ba, da kuma Tiny Tim. Waɗannan kan wadatu da lita 5 zuwa 8, amma 'ya'yansu ƙanana ne, ba za su cika tukunyar miya ba, kuma ba a cika samun irinsu a shagunan kayan noma na nan ba. Abin da aka fi samu shi ne Roma VF da UC82B, irin da ake nomawa a Kadawa da Kura. Su ma gajeru ne, domin sukan tsaya da girma da zarar sun ɗauki 'ya'ya, amma kowane tushe ɗaya na bukatar aƙalla lita 20 da zurfin da bai gaza santimita 30 ba. Irin da ke yaɗo yana ta hawa kuwa sai lita 40 zuwa sama, kuma bai dace da ƙaramar baranda ba.

Wannan awo ya yi daidai da abubuwan da ke kusan kowace unguwa. Bokitin fenti na lita 20 da jarkar man gyaɗa ta lita 25 da aka yanke samanta duk sun isa tushe ɗaya na Roma. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zuwa rabi shi ma yana yi, sai dai rana kan cinye shi cikin 'yan watanni. Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa, amma tana tsotse ruwa ta jikinta, don haka a zaɓi babba. Baƙar roba kuwa tana ɗaukar zafi har ta gasa saiwar da ke jikin bango. Farin bokiti ya fi, ko a lulluɓe baƙin da buhu. A wanke kowane mazubi sosai, kuma a guji wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko baƙin mai.

Kuskuren da ya fi yawa bayan wannan shi ne cusa tushe uku ko huɗu a bokiti guda don a samu yawa. Kowannensu sai ya koma kamar an dasa shi a mazubin lita 5, ganye ya cunkushe, iska ta kasa ratsawa, cuta ta samu wurin zama. Tushe ɗaya a bokiti ɗaya ya fi bayar da amfani.

Damina na da nata sharaɗi. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa na sauka sosai a Keffi, kuma saiwar tumatir na ruɓewa idan ta kwana cikin ruwa. Dole a huda ƙasan bokitin wuri biyar ko shida, a ɗora shi kan bulo, a ajiye shi inda zai samu rana ta awa shida amma indararo ba ya zubo masa. Kada a cika shi da jar ƙasa zalla, domin tana daskarewa. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin dabbobi da ɗan yashi ko ɓuntun shinkafa. A kafa sanda tun ranar dashe, don kada a soki saiwa daga baya.

Akwai kuma batun nauyi da kuɗin ruwa. Bokitin lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa kan haura kilo 20, abin da mai zama a bene ya kamata ya lura da shi, kuma inda ake sayen ruwa daga 'yan garuwa kowane bokiti ƙarin kashe kuɗi ne. Ruwan wankin shinkafa da na kayan lambu na rage wannan nauyi, matuƙar babu sabulu ko gishiri a ciki.

Lokacin da ya fi sauƙi ga sabon shiga shi ne ƙarshen damina: a yafa iri a Oktoba, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu, a fara tsinka cikin hunturu bayan kamar wata biyu da rabi. Sai dai a lokacin ne tumatirin noman rani ke cika kasuwa da araha. Tsadar kan zo ne daga Mayu zuwa Yuli, kuma wanda ke son tsinka a wannan tsakani dole ya reni shukarsa cikin zafin bazara, inda bokitin lita 20 shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai kai ta. Bokiti biyar ko shida ba za su raba gida da kasuwa ba, amma za su rage yawan zuwa a watannin da kwandon tumatir ya fi tsada.