Ragowar Man Tuya Da Toshewar Magudanun Ruwa

A garin Kelle da ke cikin gundumar Gure babu magudanun ƙarƙashin ƙasa irin na manyan birane. Ruwan wanke-wanke ta wuriya yake fita, ya faɗa kwatami ko ya malala a lungu. Duk da haka, abin da ke toshe lambatu a Damagaram da Maraɗi da Kano shi ne ke kashe kwatamin ƙauye, wato maiƙo.

Man da aka soya ƙosai ko awara da shi, da kitsen da ke ɗiga daga balangu, ruwa-ruwa suke muddin da zafi. Da sun huce sai kitsen ya daskare a jikin simintin lambatu. Man da ya sha wuta kuwa yana haɗuwa da sinadarin kalsiyam na ruwa da na simintin, ya zama wani abu mai tauri, kusan yadda mai da soda ke zama sabulu a hannun mata. Daga nan yashi da leda da ɓawon albasa su manne masa, hanyar ruwa ta yi ta tsukewa. A kwatami kuma maiƙon yana liƙe ƙofofin yashi, ruwa ya ƙi tsotsewa, sauro ya samu wurin hayayyafa.

Mutanen Landan sun ga iyakar wannan matsala a 2017, lokacin da kamfanin Thames Water ya gano dunƙulen kitse mai tsawon mita 250 da nauyin tan 130 a ƙarƙashin unguwar Whitechapel. Sai da ma'aikata suka shafe makonni suna farfasa shi.

Wasu kan bi mai da tafasasshen ruwa da omo, suna ganin sun yi maganinsa. Gaba kawai suka tura shi, zai daskare a ƙofar maƙwabci.

Maganin yana bakin murhu. A bar kasko ya huce, a juye ragowar mai a gwangwani, a goge kaskon da toka ko dusa kafin a wanke. Masu gidajen abinci da mahauta su gina ɗan rami mai ɗaki biyu a bakin magudanarsu: mai ya taso sama a kwashe, ruwa ya wuce ta ƙasa. Hukumomin gari kuma su yashe lambatu tun da bazara, domin in ruwan Agusta ya tarar da shi a cushe, cikin gidajen ƙasa zai nemi hanya.