Lorandait: Jan Dutsen da Ke Riƙe da Tarihin Rana

A kudancin Makidoniya ta Arewa, dab da iyakar Girka, akwai wata tsohuwar mahaƙa mai suna Alshar. A nan ne aka gano wani ma'adini ja wur a shekarar 1894, aka raɗa masa suna lorandait don girmama Lorand Eotvos, masanin kimiyyar lissafi da fiziya na ƙasar Hungari.

Sinadarai uku ne suka haɗu suka tayar da shi, wato taliyom da arsenik da farar wuta, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa taliyom ne. Yana da taushi ƙwarai, har farce kan iya kartarsa, amma nauyinsa ya ninka na ruwa sau biyar da rabi. Kyawunsa na ɗan maciji ne, domin taliyom da arsenik duka guba ne.

Darajar wannan dutse a wurin masana ta samo asali ne daga rana. A can cikin tsakiyarta ake samar da wasu ƙwayoyi marasa ganuwa da ake kira niyutirino, waɗanda ke ratsa duniya dare da rana. Na'urorin zamani suna iya auna waɗanda ke isowa a yau kawai. To, yaya za a san ƙarfin rana a zamanin da?

A shekarar 1976 Melvin Freedman ya kawo shawara. Idan niyutirino ya daki ƙwayar taliyom-205, yakan mayar da ita dalma-205, wadda ke daɗewa miliyoyin shekaru kafin ta narke. Tun da lorandait na Alshar ya shekara wajen miliyan 4.3 a ƙarƙashin ƙasa, ƙidaya dalmar da ta taru a cikinsa za ta nuna matsakaicin ƙarfin rana a tsawon wannan lokaci. Wannan shi ne shirin da ake kira LOREX.

Aikin ba ƙarami ba ne. Ƙwayoyin dalmar 'yan kaɗan ne, kuma haskoki daga sararin samaniya su ma suna haifar da irinsu, saboda haka dole a san zurfin da dutsen ya zauna da yadda zaizayar ƙasa ta rage shi. A 2024 masana a cibiyar GSI da ke Darmstadt a Jamus suka bayyana sakamakon wani awo na taliyom-205 da lissafin ya daɗe yana jira. Abin da ya rage shi ne ƙidayar dalmar kanta, wadda za ta taimaka wajen fahimtar rawar da rana ta taka a sauyin yanayin duniya.