Gwangwani, Roba da Fensir: Dabarun Matuƙan Helikwaftan Leƙen Asiri a Yaƙin Biyetnam

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya, mu duba yadda wasu matasan sojoji suka riƙa cike giɓin da kamfani ya bari a na'urarsu, a lokacin da ƙaramin kuskure ke iya janyo asarar rai.

Jirgin da aikinsa

A yaƙin Biyetnam, sojojin Amurka sun yi amfani da wani ƙaramin helikwafta mai siffar ƙwai, OH-6A na kamfanin Hughes, wanda ya fara aiki a 1966. Laƙabinsa Loach. Babu GPS a cikinsa, babu kyamarar gani da dare. Idon matuƙi ne na'urar bincike.

Aikinsa shi ne ya sauko ƙasa-ƙasa, dab da kan bishiyoyi, yana neman sawun ƙafa, ramin ɓuya ko tokar girki. A samansa kuma jirgin yaƙi AH-1 Cobra na shawagi. Da zarar an buɗe wa Loach wuta, sai a jefa gurnetin hayaƙi a wurin, Cobra ya kai farmaki. Wato ƙaramin jirgin shi ne abincin ƙugiya.

Hugh Mills, wanda ya tuƙa Loach a 1969, ya ba da labarin wannan rayuwa a littafinsa Low Level Hell na 1992. Sau 16 ana harbo jirginsa, kuma ya rayu.

Dabarun da babu su a littafin kamfani

Ga kaɗan daga abin da tsofaffin sojojin wannan aiki suke yawan tunawa:

1. Igiyar roba. Bindigar M60 ta haura kilo 10. Idan an kafe ta a kan ƙarfe, ba ta juyawa ko'ina. Sai suka rataye ta da igiyar roba a bakin ƙofa. Robar ta ɗauki nauyin, maharbi ya samu damar leƙawa waje ya yi harbi har ƙarƙashin jirgin.

2. Gwangwanin abinci. Jerin harsasai yakan lanƙwashe ya maƙale a bakin shigarsa bindiga. Sai suka maƙala gwangwanin abincin soja a gefenta, harsasan suna zamewa a kan bayansa mai santsi su shiga daidai.

3. Fensirin maiƙo. Tuƙin helikwafta na cin hannu biyu, babu damar buɗe littafi. Lambar rediyo da lambar wuri a taswira a jikin gilashin gaba ake rubuta su, a goge idan an gama. Sanarwar kan allo ke nan, tun kafin zuwan wayar hannu.

4. Iskar farfela. Matuƙi kan sauko ya bar iskar farfela ta kwantar da doguwar ciyawa, abin da ke ɓoye ya bayyana. Babu wanda ya ƙera farfela don wannan.

5. Salatef. Idan harsashi ya huda farfela, akan liƙe wurin da salatef mai ƙarfi don a samu a koma sansani.

Abin lura

Duk waɗannan dabaru ba cinta ba ne. Wanda ya maƙala gwangwani ya san takamaiman inda harsashi ke maƙalewa. Haka yake a rubutun manhaja: gyaran gaggawa na yin aiki ne idan ka gano tushen matsalar. In ba ka gano ba, rufe ta kawai ka yi.

Sannan dabara na da iyaka. Salatef na kai jirgi gida, amma dole makaniki ya duba farfelar kafin a sake tashi. Kuma duk wayon matuƙan, ɗaruruwan Loach sun salwanta a yaƙin, tare da rayukan matasa da yawa, ban da ɗimbin mutanen Biyetnam da wutar ta faɗa wa.

A Fabrairun 2024 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta soke shirin FARA na ƙera sabon helikwaftan leƙen asiri, tana mai nuni da abin da jirage marasa matuƙi ke yi a Yukiren. A can ma, ƙananan jiragen da ake sayarwa a kasuwa ne sojoji ke yi wa kwaskwarima da salatef da igiyar roba.