Inda maƙalar malamin lissafi ke maƙalewa kafin ta shiga mujalla

Duk shekara idan lokacin ƙarin girma ya zo a jami'o'i da kwalejojin ilimi na Najeriya, abin da kwamiti ke fara ƙirgawa shi ne maƙalun da malami ya wallafa. Yawan ɗaliban da ya koyar da dararen da ya raba yana makin jarrabawa ba su cika ɗaga shi zuwa mataki na gaba ba.

Ga malaman da suka ƙware a fannin koyar da lissafi, wannan ƙa'ida tana zuwa da nata ciwon kan. Fannin nasu daban yake da lissafi tsantsa. Masanin lissafi yana neman tabbatar da sabuwar ƙa'ida ne, shi kuwa masanin koyar da lissafi tambayarsa ita ce yaya yaro ke fahimtar rabawa, me ya sa aljabara ke tsorata ɗalibai, kuma wane irin horo ne ke gyara malami. Kowanne da mujallunsa, kuma wanda ya kai kayansa kasuwar da ba tasa ba, a bakin ƙofa ake mayar da shi.

Mujallun da ake ji da su

A gida akwai Abacus, mujallar Ƙungiyar Lissafi ta Najeriya wato MAN, wadda ke da sashe na musamman kan koyar da lissafi. A Afirka ta Kudu akwai Pythagoras, ta ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasar.

A duniya kuwa, biyu ne suka fi suna. Educational Studies in Mathematics, wadda masanin lissafi Hans Freudenthal ya kafa a Holan a 1968, kuma kamfanin Springer ke bugawa a yanzu. Sai Journal for Research in Mathematics Education, da aka fi sani da JRME, wadda majalisar malaman lissafi ta Amurka ta fara fitarwa a 1970. Akwai kuma ZDM ta Jamus.

Wani abin da malamai da yawa ba su lura da shi ba: waɗannan manyan biyun ba sa tilasta wa marubuci biyan kuɗi kafin su buga aikinsa. A Educational Studies in Mathematics, sai wanda ya zaɓi a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta kyauta ne ake cajinsa. Abin da suke karɓa a wurin kowa shi ne lokaci da haƙuri.

Ba Turanci ne babbar matsalar ba

An saba ɗora laifin ƙin karɓar maƙala a kan Turanci. Gaskiya rubutu mai sarƙaƙiya yana gajiyar da edita, amma Turanci abu ne mai gyaruwa. Abin da ba ya gyaruwa a makon ƙarshe shi ne rashin tambaya mai nauyi.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiye kundayen digiri a tsangayar ilimi ya san samfurin. A ɗauki makarantu biyu, a koyar da aji ɗaya da wata sabuwar hanya, ɗayan kuma da hanyar allo da alli, a yi musu gwaji bayan mako shida, a zuba makin a kwamfuta, sakamako ya nuna sabuwar hanya ta fi. Sannan a rufe da shawarar gwamnati ta ƙara kuɗi a harkar ilimi.

Irin wannan yana iya ba mutum digiri. Amma editan da ke karanta ɗaruruwan maƙalu a shekara zai tambaya: me ya faru a kan yaran har makinsu ya tashi? Wane kuskure suke yi da, wanne suka daina? Wa ya koyar da azuzuwan biyu, kuma ba ƙwazon malamin ne ya kawo bambancin ba? Idan maƙala ba ta da amsa, sau da yawa ko wurin masu bita ba ta kaiwa.

Abin takaicin shi ne, tambayoyin da za su ja hankalin editan suna nan cikin ajin malamin. A wani aiki da aka wallafa a 1985, wasu masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil sun bi yara masu talla, suka ga suna lissafin kuɗi da canji daidai a bakin titi, amma da aka ba su lissafin iri ɗaya a takarda sai da yawa suka faɗi. Har yau ana ambaton wannan aiki. Yarinyar da ke tallan ƙosai a Kano ko Zinder, wadda ba a taɓa cutarta a canji ba amma take cin sifiri a ɗebewa, ita ma tambaya ce irin wannan.

Haka harshe. Bahaushe yana iya kiran 19 da goma sha tara, yana kuma iya cewa ashirin ba ɗaya, wato ɗebewa na cikin sunan lambar tun kafin yaro ya shiga aji. Ɗalibin da ya yi karatun rabon gado a Islamiyya ya san sulusi da sudusi da tumuni, amma yana iya daburcewa in ya ga 1/3 da 1/6 da 1/8 a allo. Me ke hana ilimin can tsallakowa nan?

Mamokgethi Setati, wadda daga baya ta shugabanci Jami'ar Cape Town da sunan Mamokgethi Phakeng, irin wannan ta bincika. Ta zauna a ajin firamare a Afirka ta Kudu tana lura da lokacin da malama ke amfani da harshen Setswana da lokacin da take komawa Turanci, JRME kuma ta buga aikin a 2005. A Najeriya ma akwai tarihi: a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Jami'ar Ife na koyar da yaran firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, har da lissafi. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, ta kuma janye a ƙarshen 2025. Muhawara irin wannan hujja daga cikin aji take buƙata, kuma malaman da ke tsaye a ajin ne suka fi kowa damar kawo ta.

Kafin a danna maɓallin turawa

Kundin digiri ba maƙala ba ne. Shafi 150 ba ya komawa shafi 20 ta hanyar yanke sakin layi nan da can. Sai dai a zaɓi tambaya ɗaya daga ciki a sake gini a kanta, sauran su jira wata maƙalar.

Kowace mujalla tana da shafin ƙa'idojin marubuta, inda take faɗin iyakar kalmomi, da tsarin kawo madogara, wanda a wannan fanni galibi na APA ne, da tsawon tsakure, wanda a mujallun Springer yakan kama daga kalma 150 zuwa 250. Karanta maƙalu biyar ko shida na baya-bayan nan daga mujallar yana nuna wa marubuci maganar da ake ciki, domin ya san inda zai sa baki.

Mujallu da dama, ciki har da JRME, suna ɓoye sunan marubuci daga masu bita. Don haka dole a cire suna da na makaranta daga rubutun, har da wanda kwamfuta ke liƙawa a bayanan fayil ba tare da an sani ba. Tun da binciken ya shafi yara, ana tambayar shaidar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da amincewar iyaye ko hukumar makaranta, kuma wannan ba abu ne da ake nema bayan an gama aiki ba. Ana kuma bi da rubutun ta manhajar gano satar fasaha, wadda ke kama har wanda ya kwafo tsohon aikinsa.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba a tura maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda.

Bayan turawa sai jira, kuma watanni ake magana. Edita zai miƙa wa masana biyu ko uku, su rubuto ra'ayinsu. Da wuya a karɓi maƙala a zagayen farko. Amsar da aka fi samu ga aiki mai kyau ita ce a gyara a sake turowa, wani lokaci da shafuka na suka. Nan ne da yawa ke zuciya su watsar, alhali ƙofa ce aka buɗe musu. Abin da ake so shi ne wasiƙa mai bin kowace suka ɗaya bayan ɗaya: ga abin da aka gyara da shafin da yake, ga wanda marubuci bai yarda da shi ba da dalilinsa.

Masu buga komai in dai an biya

Malamin da wa'adin miƙa takardun ƙarin girma ya matso masa, shi ne abincin wasu mujallu da ke cika akwatin imel da gayyata, suna alƙawarin bugawa cikin mako ɗaya ko biyu in an biya kuɗi.

A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya gwada su. Ya ƙirƙiri maƙalar bogi kan maganin kansa, cike da kurakuran da duk mai bita zai gani, ya sa mata sunayen marubuta da cibiyoyin ƙarya na Afirka, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga rahoton. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya sauke jerin a farkon 2017.

Ana iya tantance mujalla da waya cikin 'yan mintuna, ta hanyar neman sunanta a rumbunan DOAJ da Scopus, ko AJOL mai tattara mujallun Afirka, da kuma duba ko editocin da ta lissafa sun ambace ta a shafukan jami'o'insu. Wasu na bogin suna aron suna mai kama da na sananniyar mujalla, da bambancin kalma ɗaya tak.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin ba. Da zarar maƙala ta fito a irin wannan wuri, an ɗauke ta a matsayin wadda aka riga aka wallafa, mujallar kirki ba za ta sake karɓarta ba. Masu neman a cire musu aikinsu kuwa, wasu ba a amsa musu imel, wasu kuma a nemi su sake biyan wani kuɗin.