Labanon, ƙasar da Kwarorin Kano suka fito

Yau zan kai ku Labanon ne, amma ta Kano za mu bi. Kun san titin Bairut, inda ake hada-hadar wayoyi? Sunan babban birnin Labanon ne. Kantin Kwari fa? Kwarori ne, wato yadda Kanawa ke kiran 'yan Labanon da Siriya, suka fara kasa yadi a wurin.

Ƙasar fa 'yar mitsitsiya ce, murabba'in kilomita 10,452, kusan rabin jihar Kano ke nan. Tana bakin tekun Bahar Rum, Siriya ta kewaye ta gabas da arewa, Isra'ila na kudu. Yawancinta duwatsu ne, ƙasar noma kaɗan. To me ya fito da mutanenta? Tun suna ƙarƙashin Daular Usmaniyya ƙauyukansu sun dogara da saƙar alharini, sai kasuwarsa ta faɗi. Sannan daga 1915 zuwa 1918 yaƙin duniya da farin dango suka haɗu, aka yi yunwar da ta ci kusan mutum 200,000. Kowa ya nemi bakin jirgin ruwa. Ana ba da labarin cewa wasu Amurka suka nufa, guzuri ya ƙare musu a tashar Marsai ta Faransa, suka hau na Afirka ta Yamma da ya fi araha.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, su kuma suka tare wajen Fagge. Suna sayen gyaɗa a hannun manoma su sayar wa kamfanonin Turawa, suna kuma sayar da atamfa. Abin da ya fi burge ni da su shi ne ba su tsaya a saye da sayarwa ba. George Calil ya kafa injin matse man gyaɗa a Kano tun shekarun 1940. Iyalan Moukarim sun buɗe masana'antar kayan ƙarfe da katako a Kano a 1959, kuma su ne suka zo suka kafa katifar Mouka da wataƙila a kanta kake kwance kana karanta wannan. Da aka yanka Bompai a matsayin unguwar masana'antu, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo, Kwarori na cikin waɗanda suka zuba jari: robobi, alewa, takalma, jimar fata. Tambayi dattijon da ya yi aikin kamfani a unguwarku, zai gaya maka yadda ake sauya ma'aikata dare da rana.

Ba wai komai lafiya lau ba ne, a'a. 'Yan kasuwarmu sun daɗe suna ƙorafin cewa bankunan Turawa sun fi ba Kwarori bashi, kuma ma'aikata na kukan ƙarancin albashi. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta tilasta wa da yawansu sayar da hannun jari ko karɓar takardar zama ɗan Najeriya. Shi ya sa za ka ga Bakwaren da kakansa a Kano aka binne shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

Can gida kuwa, tsarin mulkinsu abin kallo ne. Tun da suka sami 'yanci daga Faransa a 1943, shugaban ƙasa Kirista ne ɗan ɗariƙar Maroniyawa, firaminista Sunni, shugaban majalisa ɗan Shi'a. Rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 1932, don kowa na tsoron abin da lissafi zai nuna. Wannan rabon bai hana yaƙin basasa ba, daga 1975 har 1990.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Labanon ba ta ƙera abin kirki da za ta sayar waje, kusan komai shigowa da shi take yi. Dalar da take saye da ita, kaso mai tsoka 'ya'yanta na waje ne ke aikowa. Akwai garuruwa irin su Juwayya a kudu da Miziyara a arewa da kuɗin Najeriya ya cika da manyan gidaje. Bankunan Bairut suka riƙa jawo ajiyar waɗannan mutane da kuɗin ruwa mai yawa, gwamnati na ranta tana kashewa, an ɗaure dala ɗaya a kan lira 1,507 tun 1997. A 2019 asiri ya tonu. Bankuna suka hana mutane cire kuɗinsu, lira ta zube har dala ɗaya ta kai kusan 89,500. Ana cikin haka, ranar 4 ga Agusta 2020, sinadarin da aka jibge a tashar jiragen ruwan Bairut ya fashe, mutum fiye da 200 suka mutu.

Ka duba fa: mutum ya shekara talatin yana fama da rashin wuta da tsadar dizal a Sharaɗa, yana tura ribarsa Bairut don gani yake can ta fi tsira, rana ɗaya aka ce masa 'yan daloli kaɗan zai iya cira a wata. Ga maƙwabtansa a Bompai da Challawa sun rufe ɗaya bayan ɗaya, wasu gine-ginen ma sun koma sito na ajiye kayan Sin.