Wa Ya Fara Jin Farashi?

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar doya ta Agyaragu, ko ya tsaya inda a ke auna riɗi a Doma, ya ga dillali da waya manne a kunne, yana magana da wani wanda ba ya wurin. Tambayarsa ɗaya ce kullum: nawa a ke saye yau a can? Amsar da za a ba shi ita ce labarin farashi. Ita kanta haja ce, har akwai kamfanoni a duniya waɗanda ba su sayar da kome sai ita.

Bari mu fara da sanin ko mene ne farashi. Ba abu ne da aka rubuta aka ajiye ba. Sawun ciniki ne wanda aka riga aka yi, a wuri kaza, da lokaci kaza, tsakanin mutum biyu. Da an tafa hannu ya fara tsufa. A ce, don misali, jiya ana sayen buhun riɗi naira 100,000 a kasuwar Dawanau ta Kano, yau da hantsi masu fitar da kaya waje suka shigo da yawa, ya koma 115,000. Ɗan kasuwan da ya ji wannan da azahar a Lafiya zai tafi ƙauye ya saya bisa farashin jiya wurin manomin da bai ji ba tukuna. Naira 15,000 ɗin nan ba gumi ya kawo ta ba, ba kuwa sata ba ce a idon shari'a. Kuɗin tazarar da ke tsakanin kunne biyu ne.

A zamanin kakanninmu labari ba ya wuce saurin ƙafa. Fatake masu zuwa ɗaukar gishiri a Keana da Awe su ne jaridar kasuwa, abin da suka faɗa kuwa ya yi kwanaki a hanya. Da layin dogo na gabas ya ratsa Lafiya cikin shekarun 1920, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai labari ya soma bin wayar tangaraho, amma manyan kamfanoni kaɗai ke da kunnen jinsa. Daga baya hukumomin ciniki na gwamnati suka riƙa yanka wa gyaɗa da auduga da riɗi farashi guda na shekara, kowa ya sani, ko da ya ke sau da yawa ya gaza abin da a ke biya a ƙasashen waje. Aka rushe su a 1986, farashi ya koma hawa da sauka yadda ya ga dama. Wayar hannu kuwa sai 2001 ta soma yaɗuwa a Nijeriya.

Turawa sun daɗe da gane darajar tazarar nan. A 1850 akwai giɓi a layin tangaraho tsakanin birnin Brussels na Beljiyam da Aachen na Jamus. Wani mutum, Paul Julius Reuter, ya sa tattabaru su riƙa ɗauko farashin hannun jari su tsallake giɓin, suna riga jirgin ƙasa isowa da sa'o'i. Asalin kamfanin Reuters ke nan. Jikokinsa a sana'a sun kai abin inda hankali ba ya kamawa. A 2010 wani kamfani mai suna Spread Networks ya kashe wajen dala miliyan 300 ya binne waya miƙaƙƙiya daga Chicago zuwa kusa da New York, yana fasa duwatsu don kada ta yi kwana. Ribar duk wannan wahala ita ce rage kamar kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. Kada ku yi dariya, gama a can kwamfutoci ne ke saye da sayarwa, wadda ta riga ji ita ke ci. Shi ya sa kasuwannin hannun jari da yawa su kan ba jama'a farashi kyauta bayan ya yi kamar minti 15, amma na nan take sai an biya.

A nan wurinmu ba wanda ya ke bukatar irin wannan sauri. Abin da manomi ya ke so shi ne kada ya zama na baya ga mutumin da ke tsaye gabansa yana taya kayansa. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna amfanin haka. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwanninsu daga 2001 zuwa 2006, lokacin da waya ke shiga gari bayan gari. Ta tarar bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, ya fi raguwa kuwa inda kasuwa ke da nisa, hanya kuma ba kyau. Dā sai ɗan kasuwa ya hau mota ya je ya gani da idonsa. Da waya ta zo, sai ya tambayi kasuwa biyar yana zaune.

To, amma sauri rabin magana ne, ni kuwa a ganina shi ne ƙaramin rabin. In an ce maka doya ta kai kaza a Ikko, watau Legas, me aka faɗa maka? Ƙwarya ce, watau doya 100, amma manya ko 'yan matsakaita? Sabuwa ko wadda ta kwana biyu a rumbu ta rage nauyi? Mudun wannan kasuwa ba lalle ya zama daidai da na waccan ba, buhu ma wani ya fi wani ciki. Riɗin da aka sheƙe tas da wanda ke da yashi da ƙaiƙayi sunansu ɗaya, kuɗinsu biyu. Sa'an nan ga babbar tambaya: kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ko wanda mai saye ya taya, ko kuwa wanda aka sallama a kai har kuɗi suka shiga hannu? Na ƙarshen nan kaɗai ne ciniki, sauran buri ne. Manyan kasuwannin duniya su kan nuna ukun nan dabam dabam, da yawan kayan, da daƙiƙar da aka yi. Muryar da ke cikin wayar dillali lamba ɗaya ta ke kawowa tsirara.

Sai kuma a duba bakin da ya faɗa. Wanda zai sayi kayanka ba shi ne zai gaya maka sun yi tsada a Kano ba. Ba sai ya yi ƙarya ba ma, ya isa ya ba ka labarin jiya, wanda gaskiya ne jiya. Ƙarya kuwa, in ta sami hanya mai sauri, ta kan riga mai ƙaryata ta isa. Ran 23 ga Afrilu 2013 waɗansu suka kutsa shafin Twitter na kamfanin labarai na AP, suka rubuta wai bam ya tashi a fadar shugaban Amurka. Cikin 'yan mintoci darajar hannayen jari ta zube da fiye da dala biliyan 130, kāna ta komo da aka gane ba haka ba ne. Wanda ya sayar cikin mintocin nan ya riga ya sayar. Wani lokaci kuma hanyar ce ke mutuwa gaba ɗaya. Ran 1 ga Oktoba 2020 wata na'ura ta lalace a kasuwar hannun jari ta Tokyo, wadda aka tanada don maye gurbinta ba ta tashi ba, labarin farashi ya kasa fita, aka rufe ciniki yini guda cur. Mu ma mun ɗanɗana a watan Maris 2024, sa'ad da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, aika kuɗi ta banki ya yi wuya. Tsofaffin dillalai ba su karanta wannan a littafi ba, amma za ka ga ba su dogara ga baki ɗaya. Su kan kira mutum biyu waɗanda ba su san juna ba, su kuma tambayi direban da ya sauke kaya da kansa.

Mu da za a tura ƙauyuka koyarwa, lalle wata rana wani dattijo zai miƙo mana waya ya ce, "Malam, duba mini abin da aka rubuto." Ya kamata mu san iyakar abin da lambar nan za ta yi masa. A jihar Maharashtra ta Indiya an gwada aika wa manoma farashi ta saƙon waya, a wani shiri mai suna Reuters Market Light. Masana biyu, Fafchamps da Minten, suka auna sakamakon, suka buga a 2012 cewa kuɗin da manoman suka samu bai ƙaru a zo a gani ba. Yawancinsu sun ci gaba da kai kaya kasuwar da suka saba. Haka manomin Obi ko Assakio wanda ya ci bashin taki da damina bisa alkawarin zai biya da riɗi da kaka. Ko ya ji farashin Dawanau kafin kowa, buhu biyar ba su cika mota, ga kuɗin makarantar yara ya matso, mai bashi kuwa yana zaure da sikelinsa.