Wa Ke Riƙe da Ikkilisiyar Ƙauye?

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7

 Yau za mu yi magana a kan ikkilisiyar ƙauye. Ku duba ƙauyukan da ke kewaye da Bukuru, a ƙasar Gyel, da Du, da Zawan, da Kuru, da Vwang. Da wuya a sami unguwar da ba ta da majami'a. Wata ta bulo ce da rufin kwano, wata kuwa har yanzu ta ƙasa ce. Mun saba da ganinta, har muna tsammani za ta kasance a wurin kullum. Amma ikkilisiya ba dutse ba ce kamar duwatsun Riyom. Mutane ne suka kafa ta, mutane ne kuma suke riƙe da ita da taimakon Allah. Idan suka saki hannu, za ta raunana.

Yadda Aka Fara

A shekarar 1904 Dokta Karl Kumm da abokansa uku suka iso Wase, suka kafa tashar farko ta mishan da ake kira SUM. A 1907 aikin ya iso Bukuru a cikin Berom, ya kuma iso Langtang a cikin Tarok. A wannan zamani ne Turawan kuza suka cika wannan ƙasa, har jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya iso Bukuru a 1914. Barikin kuza ya tara Hausawa, da Yarabawa, da Ibo, da mutanen dutse daga ko'ina. Saboda haka tun daga farko ikkilisiyar wannan wuri ta tashi a tsakiyar baƙi da 'yan ƙasa.

Mishan ba su tsaya ga wa'azi kaɗai ba. A 1922 Dokta Barnden ya fara aikin asibiti a Vom. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A 1934 aka buɗe makarantar Gindiri domin horar da masu bishara da malamai. A 1938 kuma aka keɓe fastoci uku na farko 'yan ƙasa, wato Toma Tok Bot daga Berom, da Bali Falang daga Tarok, da David Lot daga Mwaghavul. Makarantar tauhidi ta TCNN ta fara koyarwa a 1959, daga baya ta zauna a Bukuru.

Amma ku lura da abu guda. Turawan mishan kaɗan ne ƙwarai, ba su kuwa iya zama a kowane ƙauye ba. Waɗanda suka kai bishara unguwa unguwa manoma ne da suka koyi karatu. Mutum yakan ɗauki iyalinsa ya koma wani ƙauye, ya roƙi gona, ya yi noma da safe, da yamma ya tara yara a gindin itace yana koya musu karatu da addu'a. Haka yawancin majami'unmu suka tashi.

Masu Ɗaukar Kaya

Ƙaramar ikkilisiya ta ƙauye sau da yawa ba ta da fasto nata. Mai bishara ne yake zaune da jama'a. Shi yake bi da sujada, ya koyar da masu shirin baftisma, ya ziyarci marasa lafiya, ya shirya masu faɗa. Fasto yakan zo lokaci lokaci domin baftisma, da jibin Ubangiji, da ɗaurin aure. A tsarin COCIN, ƙananan majami'u da ake kira CC suna haɗuwa su zama LCC, su kuma LCC suna ƙarƙashin RCC, har a kai hedkwata a Jos. Sauran ɗariku suna da nasu sunaye, amma tsarin kusan ɗaya ne.

Kusa da mai bishara akwai dattawa, da magatakarda, da ma'aji. Ba a biyansu ko kobo. Su ne suke ƙirga baiko, su rubuta, su san gidan da hatsi ya ƙare. Bayansu akwai zumuntar mata. Duk wanda ya san ƙauye ya san cewa su ne ƙashin bayan ikkilisiya. Su suke share majami'a, su dafa wa baƙi abinci, su zauna da mai jego, su kwana a gidan makoki. Akwai kuma mawaƙa, da matasa, da malaman makarantar Lahadi, da ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa wadda ta fara a Jos a shekarun 1960.

Kuɗin aikin yana fitowa daga baiko, da zakka, da baikon godiya. Ana aika wani kashi zuwa sama domin makarantu da aikin bishara a wasu wurare, sauran kuwa domin bukatun gida. A ƙauye kuɗi yana bin kaka. Bayan an haƙe dankali an girbe acca da masara, baiko yakan yi kauri. A tsakiyar damina kuwa, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, aka kuma kashe kuɗi a kan taki, ɗan abin da ake ba mai bishara yakan makara. Iyali da yawa ba su san wannan ba, gama mai bishara yana jin kunya ya faɗa.

Ikkilisiya a Cikin Gari

Aikin ikkilisiyar ƙauye ba ya ƙarewa ranar Lahadi. Kakanninmu sun san gayya tun kafin bishara ta zo. Ikkilisiya ta karɓi wannan al'ada mai kyau, ta kai ta gonar gwauruwa da ta maraya. In an yi rasuwa, matasa ne suke haƙa kabari, mata su kawo itace da ruwa da gwate. In ana biki, kujerun majami'a ne ake ɗauka. A wurin sanarwa ne ake jin ranar rigakafin yara, da ranar gyaran hanya.

A ƙarshen shekarun 1950 ikkilisiya ta fara shirin Bangaskiya da Noma a hannun Peter Batchelor, domin a koya wa masu bi noma da shanu da kiwo mai kyau. Dalilin shi ne, mai bi da yunwa ta kora daga ƙauye ba zai iya riƙe majami'ar ƙauye ba. Wannan magana tana nan har yau. Farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, manyan kamfanoni suka ja da baya, suka bar mana ramuka da tafkuna. Waɗansu sun mai da tafkunan nan wurin noman rani, suna fitar da kabeji da karas da tumatir. Waɗansu samari kuwa suna shiga ramukan haƙar kuza da hannu, ƙasa takan rufta da wasu. Ikkilisiyar da take binne samarinta ba za ta ce sana'arsu ba ruwanta ba.

Darasi Daga Ƙauyukan Ingila

Da yawa cikin mishan da suka zo nan daga Ingila suka fito, ya kamata kuwa mu san yadda abin yake a can. An raba dukan ƙasar Ingila gunduma gunduma ta ikkilisiya, wadda suke kira farish. Kowane ƙauye yana cikin wata farish. Duk wanda yake zaune a cikinta yana da hakkin a yi wa ɗansa baftisma a majami'ar, a kuma yi masa jana'iza, ko da ba ya zuwa sujada. Kowace shekara jama'a sukan zaɓi wakilai biyu su lura da ginin da kayansa. Wato limamin ƙauye yana ɗaukar dukan garin a matsayin garkensa.

Waɗansu abubuwan da muka saba da su a irin waɗannan ƙauyuka suka fara. A 1843 wani limami mai suna Robert Hawker ya kira mutanen ƙauyen Morwenstow su zo majami'a su yi godiya domin kaka. Daga nan sujadar godiyar kaka ta bazu. A 1876 Mary Sumner, matar limamin ƙauyen Old Alresford, ta tara iyaye mata a gidanta domin su taimaki juna wajen renon yara cikin bangaskiya. Ƙungiyar nan tana ƙasashe da yawa yanzu, har da ikkilisiyar Angalikan ta Nijeriya.

To, ina labarinsu a yau? Gine-ginen dutse suna nan, wasu sun fi shekara 500. Amma a ƙauyuka da yawa tsofaffi kaɗan ne suke taruwa, limami guda kuma yana zagaya majami'u da dama. A ƙidayar 2011, mutum 59 cikin 100 a Ingila da Wales suka ce su Kirista ne. A ƙidayar 2021 suka koma 46 cikin 100. Ba tsanani ne ya jawo wannan ba. Dalilan suna da yawa, amma biyu sun shafe mu. Matasa sun bar ƙauye zuwa birni neman aiki, iyaye da yawa kuma suka daina koya wa 'ya'yansu a gida. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. 'Ya'yanmu ma suna tafiya Jos da Abuja da Legas, sai Kirsimeti ake ganinsu.

Maganar Harshe

Yanzu bari mu koma ga karatunmu. A ikkilisiyar Urushalima akwai Yahudawa masu jin Helenanci da masu jin Ibrananci. Gunaguni ya tashi domin ana manta da gwaurayen masu Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce wa masu kuka su yi shiru ba. Sun kira taro, suka sa jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su kula da rabon. In kun duba sunayen mutanen nan bakwai, kamar Istifanas da Filibus, za ku ga duka sunayen Helenanci ne. Wato an ba da aikin a hannun ɓangaren da aka manta da shi. Bayan haka ne maganar Allah ta ƙara yaɗuwa.

Mu ma muna da wannan matsala. Hausa ta taimake mu ƙwarai, gama da ita Berom da Ngas da Tarok da Irigwe da Afizere suke sujada a ɗaki ɗaya. Amma akwai kaka a bencin baya wadda Hausar wa'azi takan wuce ta. Akwai kuma jikanta da ya tashi a gari, yana jin Turanci da Hausa, ba ya iya gaishe ta da harshen gida. An buga Sabon Alkawari da harshen Berom a 1984, wasu harsunanmu ma sun sami nasu. Gidaje nawa ne suke buɗe shi? Haka kuma akwai baƙon da aiki ko aure ya kawo, ya yi shekara goma a cikinmu, ba a taɓa zaɓensa dattijo ba domin ba ɗan ƙasa ba ne. Ikkilisiyar da ta karanta Ayyukan Manzanni sura 6 ya kamata ta tambayi kanta, wa muke mantawa da shi wajen rabo?

Sa'ad da Wuta ta Tashi

Ba za mu yi maganar ƙauyukanmu mu tsallake baƙin cikinmu ba. Rikici ya tashi a Jos a watan Satumba na 2001, ya sake tashi a Nuwamba na 2008. A Janairu na 2010 ya kai Bukuru da Kuru Karama, a watan Maris kuma aka kashe mutane da yawa a Dogo Nahawa. A jajibirin Kirsimeti na 2023 aka auka wa ƙauyuka a Bokkos da Barkin Ladi. An yi hasarar rayuka, Kirista da Musulmi. Unguwannin da dā ake zaune tare suka rabu. A irin wannan lokaci majami'a takan zama wurin kwana, da rumbu, da asibiti. Ikkilisiyar da ta saba kula da gwauraye a kwanakin salama, ita ce take iya karɓar 'yan gudun hijira.

Mu tuna kuma da abin da ya faru a Yuni na 2018 a ƙasar Barkin Ladi. Wani limamin masallaci, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi ba da su. Ya ɗauki dukan garin a matsayin maƙwabtansa. Mu da aka umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci, har da maƙiyi, bai kamata mu kasa haka ba. Neman gaskiya da tsaro daga hukuma daidai ne, amma ramuwa ba ta masu bi ba ce.

Abin da Kowane Gida Zai Yi

Na ɗaya, ku yi sujadar iyali kowace rana, ko da ta minti goma ce. Ku karanta da Hausa, ku bayyana da harshenku, ku bar yara su yi addu'a da shi.

Na biyu, sa'ad da kuke auna hatsin kaka, ku keɓe na mai bishara da na gwauraye tun a masussuka. Ku dattawa, ku ajiye wani abu daga baikon kaka domin watannin damina, ku kuma karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a.

Na uku, ku ba matasa aiki na gaske tun suna tare da ku. Wanda bai taɓa ɗaukar kaya a majami'ar gida ba, ba zai tuna da ita a birni ba.

Na huɗu, ku da kuke gari, kada ku jira sai ranar jana'iza. Ku tambayi bukatar majami'ar da ta koya muku karatu.

Na biyar, ku riƙa gaisawa da maƙwabtanku waɗanda ba addininku ɗaya ba, ku je musu barka da ta'aziyya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka kawo mana bishara da ƙafa, suka gina majami'unmu da hannu. Ka ƙarfafa masu bishara, da dattawa, da mata, da matasa na ƙauyukanmu. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda muka manta da shi. Ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.